Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: a riƙa ba mu labarin waɗanda aka binne sunansu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara muku basira da juriya. Ni dai na daɗe ina karanta jaridarku kuma shafin nishaɗi yana cikin waɗanda bana tsallakewa, shi yasa nake ganin ina da bakin kawo wannan ƙorafin. Kusan duk sati abin da ake kawo mana a shafin bai wuce wane jarumi ne ya sayi sabuwar mota, wace jaruma ce aurenta ya mutu, su waye suka daina bin juna a Instagram ba. Ban ce a daina ba, kowa da abin da yake so, amma wallahi akwai labarai na gaskiya a bayan waƙoƙi da finafinai da wasannin da duniya ke ji da su, irin labaran da in ka ji sai jikinka yayi sanyi, kuma har yau ban ga kun taɓo ko ɗaya ba.

Abin da ya tayar min da maganar shine, kwanakin baya ina zaune da daddare ƙaramar 'yata ta karɓi wayata tana kallon katun ɗin nan na zaki, The Lion King, sai aka zo wajen da dabbobin nan biyu suke tafe cikin daji ɗayan yana rera waƙar zaki na barci. Yarinya ta kama bin sautin tana kaɗa kai, tana jan siririyar muryar nan sama har tana sarƙewa, ta mayar baya ta sake sau uku, alhali ko kalma ɗaya bata san ma'anarta ba. Nace mata wa yayi waƙar nan? Ko ɗago kai bata yi ba tace Turawa mana. Ban ga laifinta ba don nima shekarun baya haka zan ce.

Toh Malam Edita waƙar nan ta wani baƙar fata ce ɗan ƙabilar Zulu a Afirka ta Kudu, sunansa Solomon Linda. An haife shi a 1909 a karkarar Natal, ya taso yana kiwon shanu, da ya zama saurayi ya shiga Johannesburg neman abin kansa kaman yadda dubban 'yan uwansa suke yi a lokacin. Da rana aikin ƙarfi, ƙarshen sati kuma shi da abokansa su sa kwat su je gasar waƙa, sunan ƙungiyarsu Evening Birds. A 1939 suka shiga situdiyon kamfanin Gallo suka naɗi waƙa mai suna Mbube, wato zaki da yarensu, kuma tushenta daga yarintarsu ne lokacin da suke korar zakin da ke fakon shanun iyayensu. Mazan suna riƙe da amshi da kauraran muryoyi a ƙasa, shi kuma Linda yana yawo da siririyar murya a sama, sai can dab da ƙarshen faifan wani ɗan karin sauti ya zo masa a baki nan take, bai rubuta ba bai shirya ba, ya rera shi cikin 'yan daƙiƙu aka kashe na'ura. Wannan ɗan karin shine wanda 'yata take bi a wayata bayan shekara tamanin da wani abu.

Abin da aka ba shi na haƙƙin waƙar sule goma ne. Sule goma fa Malam Edita. Faifan ya karɓu sosai, kafin ƙarshen shekarun 1940 an sayar da kusan dubu 100, har sunan waƙar ya zama sunan salon waƙa guda da ake kira mbube, salon da daga baya ya haifi irin waƙar da su Ladysmith Black Mambazo suka zaga duniya da ita. Shi kuma mai waƙar yana nan a kamfanin da ke buga faifan nasa, aikinsa shara da jera fayafayai a kwali.

Daga nan faifan ya tsallaka teku ya faɗa hannun wani mai tattara waƙoƙin gargajiya a Amurka, Alan Lomax, shi kuma ya miƙa wa mawaƙi Pete Seeger. Seeger baya jin Zulu, kalmar da suke maimaitawa uyimbube, ma'ana kai zaki ne, sai kunnensa ya jiyo masa wimoweh, haka ya rubuta kuma haka ƙungiyarsa The Weavers suka fitar da ita ta yi tashe a 1952. Da aka zo rubuta sunan mai waƙa a jikin faifan sai aka sa Paul Campbell. Babu wani mutum mai wannan sunan, sunan bogi ne da ake liƙa wa waƙoƙin da aka ɗauka na gargajiya ne marasa mai shi don a riƙa karɓar kason da ake biyan marubuci. In za a yi adalci shi Seeger da ya gane akwai mai waƙar ya nuna damuwa, ya aika masa da dala 1,000 kuma yace a riƙa tura masa kasonsa, sai dai masu riƙe da takardun su ne masu riƙe da kuɗin. A 1961 wani marubucin waƙa George Weiss ya ɗora mata kalmomin Turanci, samarin The Tokens suka rera ta da sunan The Lion Sleeps Tonight ta hau lamba ɗaya a Amurka. Shekara ɗaya bayan haka, a 1962, ciwon ƙoda ya kashe Solomon Linda cikin talauci, iyalinsa ko kuɗin dutsen da za a kafa a kabarinsa basu da shi sai bayan shekara 18.

Ni wannan jeruwar shekarun ce take tsaya min a rai, 1961 waƙarka ce ta ɗaya a ƙasar da tafi kowace kuɗi, 1962 an binne ka ba alama.

Haka aka ci gaba da ci da guminsa, mawaƙa bila adadin suka sake rera ta, aka sa ta a tallace-tallace, a 1994 ta shiga katun ɗin Disney, 'ya'yansa mata kuwa suna Soweto cikin rashi. Sai a shekarar 2000 wani ɗan jarida ɗan Afirka ta Kudu mai suna Rian Malan ya bi diddigin maganar tun daga tushe ya rubuta dogon labari a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara kusan dala miliyan 15. Ka ga aikin jarida kenan, rubutu ɗaya ne ya tada maganar da ta kwanta shekara da shekaru. A 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadansa, kuma hujjar da lauyoyin suka tono ita ma abin mamaki ce, wata tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ce ta daular Ingila ta 1911 wadda take aiki a Afirka ta Kudu lokacin da aka yi cinikin, dokar tace ko mutum ya sayar da haƙƙin aikinsa, in ya shekara 25 da mutuwa haƙƙin yana komawa hannun magada. Kenan tun 1987 waƙar ta koma gidan Linda ba wanda ya sani. A watan Fabrairun 2006 kamfanin da ke riƙe da waƙar, Abilene Music, ya yarda aka sasanta, za a biya iyalin na baya da na gaba kuma a sa sunan Linda cikin waɗanda suka yi ta. Shekara 44 bayan mutuwarsa.

Mawaƙi Manu Dibango na Kamaru shi Allah ya taimake shi abin ya faru yana raye kuma ya san hanyar kotu. A 1972 da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka aka sa shi yayi waƙar gasar, sai ya cike ɗaya gefen faifan da wani kiɗa mai suna Soul Makossa, ashe na cikon ne zai zaga duniya. Shekara goma bayan haka amshin kiɗan ya ɓullo a ƙarshen waƙar farko ta kundin Thriller na Michael Jackson ba tare da an nemi izininsa ba, ya kai ƙara aka sasanta a wajen kotu aka biya shi. Yawancin masu rera amshin nan har gobe sun ɗauka wani surutu ne kawai Michael ya ƙirƙira.

Kar kuma wani yace ai baƙar fata kaɗai ake yi wa haka, a'a, duk wanda ya zo da fasaha a kai da yunwa a ciki haka ake masa. Superman da duk yaron duniya ya sani, wasu samari biyu ne a birnin Cleveland suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, sun yi shekaru suna yawo da shi gidajen buga jaridu ana korarsu, da suka samu mai saye a 1938 sai suka sayar da labarin mai shafi 13 har da haƙƙin jarumin gaba ɗaya akan dala 130, wato dala goma kowane shafi, su raba biyu. Ko sunayensu ba a rubuta daidai a jikin cek ɗin ba. Da suka ga irin dukiyar da ake kwasa suka je kotu a 1947, basu samu jarumin ba, aka sallame su daga aiki aka kuma goge sunansu daga mujallar. Shuster ya koma ɗan aike mai kai kaya, idonsa ya kusa mutuwa gaba ɗaya, Siegel ya koma ƙaramin akawu. Sai a 1975 da aka fara shirin babban fim ɗin Superman, Siegel ya rubuta wa 'yan jarida kukansa, abokan sana'arsu irin su Neal Adams suka tsaya musu, kunya ta kama kamfanin ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara aka maido da sunansu. Shi cek ɗin nan da aka biya su da shi, takardar kawai, an yi gwanjonsa a 2012 akan dala 160,000, kwafi ɗaya na mujallar farko kuma an sayar da shi dala miliyan 6 a 2024. Na Batman ma kusan haka ne, Bill Finger da ya tsara kamanninsa da labarinsa ya mutu a 1974 ba kowa ba komai, sunan abokin aikinsa Bob Kane shi kaɗai ake rubutawa, sai 2015 aka fara sa sunan Finger.

Amma wanda yafi ɗaure min kai a cikinsu duka shine na wasan Monopoly, wasan nan na allo da ake jefa ƙwaya ana sayen filaye da gidaje da kuɗin takarda har sai mutum ɗaya ya talauta kowa ya cinye. Shekaru da yawa labarin da kamfanin yake bugawa shine wai wani bawan Allah Charles Darrow ne ya rasa aikinsa lokacin karayar tattalin arzikin Amurka na shekarun 1930, ya zauna a gida ya ƙirƙiro wasan ya sayar wa kamfanin, wato Parker Brothers, a 1935 ya zama miloniya. Ya sayar ɗin gaskiya ne, ya zama miloniya gaskiya ne, ƙirƙirar ce ba tasa ba. Wata mata ce mai suna Lizzie Magie, mai aikin buga tafireta, ta yi wa wasan rajista tun 1904 da sunan The Landlord's Game, wato wasan mai gidan haya. Ita mabiyar wani masanin tattalin arziki ce Henry George, wanda yake ganin tara filaye a hannun mutane ƙalilan shine uwar talauci, don haka ta tsara wasan ne don ta nuna wa mutane muninsa, har dokoki kala biyu ta yi masa, a ɗaya in an samu arziki kowa na amfana, a ɗayan kuma mai ƙarfi ya haɗiye kowa, don mai wasa ya gwada duka biyun ya ga bambanci da idonsa. Wasan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu kusan shekara talatin, ɗalibai da malaman jami'a suna zana nasu a gida suna canza sunayen tituna, mutanen Atlantic City suka sa na garinsu, a haka wani aboki ya koya wa Darrow shi kuma ya kwafe. Yadda aka kama shi ma abin lura ne, akwai wata unguwa Marven Gardens da abokin ya rubuta Marvin bisa kuskure, Darrow ya kwafe har da kuskuren kuma haka yake a jikin allon har yau. Kamfanin ya je ya sayi rajistar Lizzie akan dala 500 ba wani kaso a gaba, ita kuma ta karɓa da murna don ta ɗauka saƙonta ne zai shiga gidaje. Dokokin rabon arziki aka zubar, na haɗiye kowa aka riƙe. Ta mutu a 1948 ba a ko ambaci wasan a sanarwar mutuwarta ba. Da ba don wani malamin jami'a Ralph Anspach ya fitar da nasa wasan mai suna Anti-Monopoly a 1973 kamfanin ya maka shi a kotu ba, shi kuma garin kare kansa ya shiga tone-tone na kusan shekara goma, da har yanzu labarin Darrow muke sha. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, kuma an juya gangar tana kiɗan da mai ita ta tsana.

In muka leƙa Indiya, kowa ya san a finafinansu jaruma hawa waƙar kawai take yi tana motsa baki, mai muryar daban. Abin da ba kowa ya sani ba shine a farko ko sunan mai muryar ba a sawa. A 1949 aka yi fim ɗin Mahal wanda Madhubala ta fito a ciki, akwai waƙa ɗaya da ta girgiza ƙasar, amma a jikin faifan sunan da aka rubuta a matsayin mai rerawa shine Kamini, wato sunan da jarumar take amsawa a cikin fim. Masu sauraro ne suka dami gidan rediyon ƙasar da wasiƙu suna tambayar wai muryar wace ce wannan, sai da aka nemo aka faɗa a iska, Lata Mangeshkar, yarinya 'yar shekara 20. Ita dai bata yi shiru ba, ta tsaya kai da fata sai an riƙa sa sunan mawaƙa, ta ƙi yin waƙa a bikin kyautar Filmfare saboda babu rukunin mawaƙan bayan fage har sai da aka buɗe shi a ƙarshen shekarun 1950, kuma a shekarun 1960 ta dage sai an riƙa biyan mawaƙa kaso daga cinikin faifai, maganar da ta haɗa ta da Mohammed Rafi har suka yi shekaru basa waƙa tare. Wasu a lokacin suna ganin tsaurin ido ne, ni kuwa ina ganin da Linda ya samu mai tsaya masa irin haka da labarinsa ya canza. Ta rasu a 2022 tana da shekara 92, ƙasar gaba ɗaya ta yi makokinta.

Shi kuwa wanda ya kafa harkar fim ɗin Indiyan, Dadasaheb Phalke, lokacin da zai yi Raja Harishchandra a 1913 ya nemi macen da za ta fito a matsayin sarauniya ya rasa, ba wadda ta yarda, dole ya ɗauko wani saurayi ma'aikacin gidan abinci mai suna Anna Salunke ya ɗaura masa sari. Matarsa Saraswati ita ke taya shi haɗa sinadaran wanke fim, ita ke dafa wa ma'aikata. Yayi finafinai sama da 90, da fim mai magana ya shigo aka daina yayinsa, ya mutu a Nashik a 1944 an manta da shi. A 1969 gwamnati ta sa sunansa a kyauta mafi girma ta harkar fim a ƙasar, ihu bayan hari.

Akwai guda ɗaya da nake so in kawo saboda wani dalili daban. Hedy Lamarr jarumar Hollywood ce haifaffiyar Vienna a 1914, wadda a zamaninta ake tallata ta da cewa tafi kowace mace kyau a duniya. Mijinta na farko dillalin makamai ne, ta sha zama a teburin da ake hirar makamai ana ganin ado ce kawai alhali tana naɗewa a kai, daga baya ta gudu ta bar shi ta tafi Amurka. Lokacin yaƙin duniya na biyu matsalar da ake fama da ita itace in ana sarrafa makamin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa da rediyo, abokan gaba suna iya gano zangon da ake aika saƙon su toshe shi. Sai ita da wani makaɗin fiyano George Antheil suka kawo dabara, mai aikawa da mai karɓa su riƙa tsalle tare daga wannan zangon zuwa wancan cikin zango 88, adadin maɓallan fiyano, bisa tsarin da aka huda a jikin naɗaɗɗiyar takarda irin ta fiyanon da ke kaɗa kansa, wanda bai da takardar ba zai san inda za su dira ba balle ya toshe. An basu rajista a watan Agustan 1942, sojan ruwan Amurka suka karɓa suka jefa a durowa, ita kuma aka nuna mata tafi amfani wajen zagaye gari tana tara wa gwamnati kuɗin yaƙi da fuskarta. Rajistar ta ƙare ko sisi bata samu ba, sai 1997 aka karrama ta tana tsohuwa, ta mutu a 2000. Toh dalilin da yasa na kawo ta, yanzu in ka shiga Facebook za ka ga ana yaɗa wai ita ta ƙirƙiro Wi-Fi da wayar salula da komai da komai, wannan zuzutawa ce. Dabarar tsallen zango akwai wasu da suka yi tunaninta kafin ita da bayanta, abin da yake tabbas shine irin wannan dabarar ce Bluetooth yake aiki da ita yau kuma ita ta kawo nata salon tun ana raina ta. Gaskiyar kaɗai ta isa abin mamaki, in aka ƙara mata gishiri sai mai ƙaryatawa ya samu ƙofa ya watsar da duka.

Shi yasa nake ganin aikin nan naku ne ba na masu tura saƙo a WhatsApp ba, ku kuke da waɗanda za su zauna su tantance shekara da adadi kafin a buga. Kuma amfanin ba na jin daɗin karatu kaɗai bane, yaran da ke tasowa yanzu da yawansu waƙa suke yi, wasu rubutu wasu zane wasu barkwanci a TikTok, kuma ranar da wani mai kuɗi zai ajiye musu takarda yace sa hannu nan, wanda ya taɓa karanta labarin sule goma da dala 130 zai tsaya ya tambaya shin aikin nake sayarwa ko haƙƙin, na shekara nawa ne, sunan wa za a rubuta, in abin ya karɓu nawa ne nawa. Mu ma masu saurare da kallo akwai namu, sau nawa muke jin waƙa ta burge mu mu tura wa mutum goma ba mu taɓa tambayar wa ya rubuta, wa yayi kiɗan, muryar wa muke ji ba, fuskar da ke gaban kyamara kawai muka sani.

Roƙona Malam Edita, dan Allah ku ware ko rabin shafi ne, ko sau biyu a wata, a riƙa ɗauko irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya ana warware su da Hausa a tsanake, da hotuna da shekaru. Suna da yawa wallahi, akwai Louis Le Prince da ya ɗauki hoto mai motsi a Leeds ta Ingila tun 1888 sannan ya hau jirgin ƙasa a Dijon ta Faransa a 1890 ba a sake ganinsa ba har yau, akwai Alexey Pajitnov da ya ƙirƙiro wasan Tetris a Mosko a 1984 amma bai fara cin kuɗinsa ba sai 1996 saboda a Tarayyar Sobiyet aikin na hukuma ne, akwai Hattie McDaniel baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar a 1940 aka zaunar da ita a wani teburi can gefe nesa da abokan aikinta farare a daren da ake karrama ta.

In za ku fara ku fara da Solomon Linda. Akwai hotonsu na Evening Birds su shida sun sha kwat sun jeru, shine na farko daga hagu. Na nemo shi a waya na nuna wa 'yata washegari, ta daɗe tana kallo tana buɗe hoton da yatsu biyu, sannan tace Baba wannan ne mai siririyar muryar? Nace shine. Ina so ta gan shi a jaridarku da sunansa a ƙasa.

Wassalam,
Naku, mai bibiyar shafin nishaɗi a kullum.